Lokacin Kamu da Lokacin Bari: Tarihin Kamun Kifi Daga Kogin Daka Zuwa Tafkin Volta

Garin Gushegu, a ƙasar Dagwamba ta arewacin Ghana, ba shi da babban kogi. Rafukan da suke kewaye da shi ƙanana ne, sukan cika da damina, su ƙafe da rani. Duk da haka, wanda ya shiga kasuwar garin zai tarar da mata zaune a gaban kwandunan kifi banda, a gidaje kuma ana jefa shi cikin miyar kuka ko ta kuɓewa kamar yadda ake yi a Yendi, da Salaga, da Bawku. Waɗansu kifayen daga teku ake kawo su, amma da yawa na ruwan daɗi ne. Daga ina suke fitowa? Wa ya kama su, a wane lokaci na shekara? Amsar da mutanen dā za su bayar dabam take da wadda za a bayar yau, gama a tsakaninsu da mu an yi wani babban abu: a 1964 aka tare kogin Volta, ya fara zama tafki.

Abin da wannan tarihi yake so ya nuna ke nan: a dā, ruwa da kansa yake yanka wa mutane lokacin kamu da lokacin bari. Sa'ad da kogi ya zama tafki, wannan iyaka ta kau. Tun daga lokacin, sai mutane su sa wa kansu iyaka, in kuwa ba su sa ba, kifi da 'ya'yan talakawa ne suke biyan bashin.

Shekarar kogi

Bari mu fara da yadda ruwa yake tafiya a wannan yanki. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Ruwan da ya sauka a ƙasar Gushegu yakan rabu: wani ya bi kogin Nasia zuwa Farin Volta, wani ya bi kogin Daka ya wuce kusa da Yendi ya gangara kudu ta gabas da Salaga, wani kuma ya nufi kogin Oti wanda yake gabas. A can arewa, Farin Volta yana shigowa Ghana daga Burkina Faso, ya ratsa tsakanin Bawku da Zebilla.

A watan Agusta da Satumba waɗannan koguna sukan cika su malala cikin fadamu. A lokacin ne kifaye da yawa suke barin tsakiyar kogi su shiga ciyawar da ruwa ya rufe, su yi ƙwai, 'ya'yansu kuma su sami abinci da wurin ɓuya. Mai kamun kifi ba ya iya yin abin kirki a wannan lokaci. Ruwa ya yi faɗi, kifi ya warwatse, igiyar ruwa tana da ƙarfi, ga kuma aikin gona ya riƙe hannun kowa. Ba wanda ya kafa doka, amma kifi yana samun watanninsa na haihuwa ba mai damunsa.

Daga ƙarshen Oktoba sai al'amari ya juya. Ruwan sama ya ɗauke, iskar hunturu ta fara busowa daga arewa, fadamu suna janyewa. Kifin da ya yi ƙiba cikin ciyawa sai ya kama hanyar komawa kogi ta ƙananan mashigai. Nan ne lokacin kamu yake farawa, wato Nuwamba da Disamba, daidai da lokacin da ake gama girbin dawa da gero. Mutane sukan tare mashigai da shingen kara da zana, su dasa undurutu a bakin ƙofar da suka bari. Masu jirgi su jefa birgi, waɗansu su shimfiɗa mamari da dare. A wannan lokaci ake samun karfasa, da tarwaɗa, da kurungu, da ragon ruwa, da bargi, wani lokaci kuma giwan ruwa, sarkin kifayen kogi, wanda yakan fi mutum nauyi in ya tsufa.

Da rani ya yi nisa, ƙananan koguna irin su Daka sukan tsinke su zama kududdufai nan da can. Kifin da ya rage a cikinsu shi ake yi wa su na gayya kafin damina ta dawo. Gaiwa kuwa takan nutsa cikin laka ta kwanta har ruwa ya sake sauka. Haka shekara take zagawa, kowane abu da lokacinsa.

Masu ruwa da masu kamu

Ruwan nan ba na kowa da kowa ba ne. A ƙasar Dagwamba da ta Kusasi akwai tindana, wato mai kula da ƙasa bisa ga al'adar gargajiya, kuma a wurare da yawa kududdufi yana da dangi ko gari da ya mallake shi. Mutanen Konkomba, waɗanda suke zaune a filayen kogin Oti wajen Saboba, sun shahara da kamun kifi a tafkunan da ambaliya take bari. Wani masani, David Tait, ya zauna a cikinsu, aka buga littafinsa a kansu a 1961. A irin waɗannan wurare ba a faɗa wa babban kududdufi yadda aka ga dama. Akan sa rana, a sanar da maƙwabta, maza da mata da yara su taru da komaye da kwanduna, a shiga tare, a fito tare.

Mai karatu Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, gama ya san irinsa a gida. A Argungu, cikin ƙasar Kabi, akwai wurin da ake kira Matan Fada, inda ake hana kamun kifi har ranar da aka buɗe ruwa, Sarkin Ruwa ya ba da izini, dubban masunta su ruga da gora da koma. Bikin da aka sani yau ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mutane sukan yi sha'awar girman kifin da ake fitarwa a ranar. Abin da ya sa kifin ya yi girma haka kuwa shi ne watannin da aka bar ruwan ya huta.

Yawancin mutanen arewacin Ghana manoma ne, kamun kifi aikin bayan girbi ne a gare su. Waɗanda suka riƙe shi sana'a a manyan koguna galibi baƙi ne, musamman mutanen Tongu, wani reshe na kabilar Ewe daga ƙasan kogin Volta, waɗanda a arewa ake kiransu Bator saboda sunan ɗaya daga cikin garuruwansu. Sukan hauro da jiragensu da rani, su kafa bukkoki a kan yashi, su nemi izinin masu ƙasa, su ba da rabo, matansu suna banda kifi a bakin ruwa. In damina ta kusa, sai su koma gida.

Kifi a hanyar fatake

Ɗanyen kifi ba ya kwana a ƙasar zafi. Hayaƙi, da rana, da gishiri su ne suke ba shi ƙafar tafiya. Gishiri yana zuwa daga wuri biyu: daga Daboya a bakin Farin Volta, da kuma daga Ada a bakin teku, inda ake loda shi cikin jirage a hauro da shi kogi zuwa Kete-Krachi da Yeji. Ta haka kogin Volta ya zama hanya tun kafin a yi hanyar mota.

A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar wannan yanki, ita ce Gwanjan da fataken Hausa suke nufa. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu da Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga da kanwa, da tufafi, da fatu, da dabbobi, ya koma da goro. Wata hanya kuma tana gangarowa daga ƙasar Mosi ta Bawku da Gambaga. A kasuwar nan an sayar da mutane ma, abin baƙin ciki da tarihi bai manta ba. Tafiyar ayari aikin rani ce, domin sai koguna sun janye jakuna suke iya ƙetarewa. Saboda haka lokacin fatake da lokacin masunta ɗaya ne, kuma a zangunan da Hausawa suka kafa a kan hanya akwai bakunan ciyarwa da yawa.

Darajar Salaga ta fara raguwa bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, sa'ad da Asante suka karkatar da goro zuwa waɗansu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Yeji, da Kintampo, da Kete-Krachi. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya koyar a can har rasuwarsa a 1934. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar a tsakaninsu, suka mai da kogin Daka iyaka a wani sashe: Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yendi ta faɗa hannun Jamusawa har 1914. Kogin da mutanen gaɓa biyu suke su a cikinsa tare ya zama layi a taswirar Turawa. Amma ko wannan bai sāke shekarar kogi ba. Ruwa yana cika a lokacinsa, yana janyewa a lokacinsa.

Kogin da aka guje wa

A wajen Bawku labarin kogi yana da wata fuska. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da yake haihuwa a inda ruwa yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Cizonsa yana sa wa mutum wata tsutsa wadda 'ya'yanta suke yawo a ƙarƙashin fata, su jawo ƙaiƙayi mai tsanani, a ƙarshe su kai ga ido. Ita ce makantar bakin kogi. Kwaruruwan Farin Volta da Jan Volta suna cikin wuraren da cutar ta fi tsanani a duniya, har mutane suka bar ƙasa mai albarka a bakin ruwa suka cunkushe a tudu. Wanda sana'arsa ta tilasta masa yini a bakin kogi, kamar masunci, shi ya fi kowa shiga hatsari. John Wilson, wani Bature makaho, ya zaga ƙasashen Afirka a 1946, abin da ya tarar kuwa yana cikin dalilan kafa ƙungiyar taimakon makafi a 1950, wadda daga baya aka san ta da sunan Sightsavers.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara babban shirin yaƙi da cutar a ƙasashe 7, har da Ghana, hedkwatarsa tana Wagadugu. Jiragen sama suka riƙa zuba magani a koguna domin kashe tsutsar ƙudan. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Aka rufe shirin a 2002, bayan ya faɗaɗa zuwa ƙasashe 11. Mutane suka koma bakin kogi, suka yi gonaki da lambuna, masu kamun kifi suka ƙaru. Wannan alheri ne babba. Sai dai ya kawo sabon nauyi, domin ruwan da cuta take tsare da shi a dā, yanzu hankalin mutane ne kaɗai zai tsare shi. A farkon shekarun 1990 kuma Burkina Faso ta gina madatsar Bagre a kan wannan kogi, tun daga nan cikar ruwa a wajen Bawku ta dangana ga ranar da aka buɗe ƙofofin madatsa, ba ga ruwan sama kaɗai ba.

Tafki ya zo

Babbar sākewa ta fito ne daga kudu. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Hukumar Kogin Volta, aka fara gina madatsa a Akosombo domin samar da lantarki, musamman ga masana'antar narkar da alminiyam a Tema. Ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama aikin a 1965, Nkrumah ya buɗe shi a Janairu 1966, wata guda kafin sojoji su hamɓarar da shi. Tafkin da ya samu ya kai murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi faɗi da hannun mutum ya taɓa yi. Ya haura arewa har ya wuce Yeji, ya shiga bakin kogin Daka da na Oti.

Mutane wajen 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700 aka tayar, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Tsohon garin Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru ya koyar, ruwa ya ci shi. Salaga kuma ta sha bugu na biyu. Babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale dā ta Yeji da Salaga take bi, ana ƙetare kogi cikin ɗan lokaci kaɗan. Da tafki ya cika, tsakanin Yeji da Makango ya zama tafiyar kilomita masu yawa a kan ruwa, sai manyan motoci suka koma bin hanyar Kintampo da Buipe.

A ƙasan madatsa, mutanen Tongu suka ga ambaliyar da take cika musu fadamu kowace shekara ta daina zuwa, sana'ar matansu ta tsintar ƙumba a kogi ta lalace. Dubbai daga cikinsu suka kwashe jiragensu suka hau tafki. Wannan karo ba zuwan rani ba ne, zama suka zo yi. Waɗansu masunta daga bakin teku suka bi bayansu. Tafki ya binne duwatsun da baƙin ƙuda yake haihuwa a wannan sashe, amma ruwa mai kwanciya da ciyawa ya yi wa dodon koɗi daɗi, sai tsargiya ta yaɗu ƙwarai a ƙauyukan bakin tafki, musamman a cikin yara.

Yalwa, da abin da ya biyo bayanta

Shekarun farko shekarun mamaki ne. Ciyawa da ganyayen da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya yi ta haihuwa. Kifayen da suke son ruwa mai gudu, irin su miligi, suka ragu a tsakiyar tafki, karfasa kuwa ta yawaita. A 1969 an kiyasta an kama fiye da tan 60,000. Bayan wannan kamu ya sauka zuwa wajen tan 40,000 a shekara cikin shekarun 1970. Yeji ta zama babbar kasuwar kifi, motoci suna ɗaukar kwandunan banda zuwa Kumasi da kuma garuruwan arewa. Talakan da dā sai da sallah ko Kirsimati yake ganin nama ya sami kifi a miyarsa. Akan ce fiye da rabin naman da mutanen Ghana suke ci kifi ne, tafki kuwa shi ne babban tushen kifin ruwan daɗi a ƙasar.

Amma tafki ba ya tsinkewa da rani, ba ya kuma hana jirgi fita da damina. Yakan cika ya kai iyakarsa wajen Oktoba da Nuwamba, ya riƙa sauka har damina ta gaba, duk da haka kowace rana ta shekara ranar kamu ce. Zaren roba ya maye gurbin zaren auduga, kalli ya zama mai araha kuma ba ya ruɓewa, injin jirgi ya kusantar da nesa. Ƙidayar da aka yi a 1975 ta sami masunta wajen 20,000 a kan tafki. Ta 1998 ta sami fiye da 70,000, da jirage wajen 24,000. Da hannuwa suka yi yawa, rabon kowane jirgi ya ragu, sai aka shiga rage idon taru domin a kama ƙanana. Waɗansu suka riƙa nutsar da guntayen itacen gora mai rami, inda kifin da masuntan Hausa suke kira warushe yake shiga ya yi ƙwai, a ɗaga shi da uwa da ƙwai gaba ɗaya. Tindanan da zai ce a dakata ba shi da iko a kan ruwan da ya rufe ƙasar kabilu da yawa. Gwamnati ta yi dokoki, har da Dokar Kamun Kifi ta 2002, amma ma'aikata kaɗan ne, bakin tafki kuwa dubban kilomita.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ba a sare dazuzzuka ba kafin ruwa ya rufe su, saboda haka kututturan itatuwa suna tsaye a ƙarƙashin tafki. Suna fasa jirage, suna kuma riƙe taru. Mai jirgin da ribarsa ta ragu ba ya iya biyan babban ma'aikaci, sai ya nemi yaro. Ba ana maganar ɗan da yake koyon sana'ar ubansa bayan makaranta ba. Ana maganar yaran da aka karɓo daga hannun iyaye matalauta a garuruwa masu nisa, a kan kuɗi kaɗan da alkawarin da ba a cikawa. Su suke kwarfe ruwa, su ja taru tun kafin asuba cikin sanyin hunturu, su ne kuma ake tura wa su nutsa su kwance tarun da ya sarƙe a itace. Waɗansu ba su fitowa. James Kofi Annan, wanda aka kai tafki yana da shekara 6 ya yi shekara 7 a can kafin ya gudu, ya yi karatu daga baya ya kafa ƙungiyar Challenging Heights domin ceton irinsa. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fara aikin mayar da yara gida daga Yeji a 2002, majalisar Ghana kuma ta zartar da dokar hana fataucin mutane a 2005. Wanda ya tuna abin da aka sayar a kasuwar Salaga a ƙarni na 19 ba zai ji wannan labari hankalinsa ya kwanta ba.

Abin da ya faru a ƙasar sanyi

Ba mu kaɗai muka taɓa ganin ruwa ya gaji ba. A Kanada da arewacin Amurka akwai wani kifi da ake kira tirawut na tafki. Matsayinsa a can kamar na giwan ruwa ne a wurinmu, babba ne mai cin ƙananan kifaye. An taɓa kama mai nauyin kilo 46 a tafkin Atabaska a 1961. Ruwan sanyi yake so, saboda haka da zafi yakan nutsa can ƙasa. A ƙarshen kakarsu, wajen Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da hunturu yake farawa a wurinmu, sai ya hauro wuraren da ba zurfi ya zuba ƙwai a kan duwatsu. Ba ya saurin girma, yakan yi shekara 6 ko 7 kafin ya fara haihuwa.

A manyan tafkuna biyar da suke tsakanin ƙasashen nan biyu, ana kama wajen tan 7,000 na wannan kifi a shekara kafin ya faɗi. Abu biyu suka haɗu suka kashe shi: yawan kamu, da wata halitta ta teku mai kama da maciji, bakinta kamar na matsattsaku, wadda take manne wa kifi ta tsotse jininsa. Ta shigo ne ta hanyar ruwan da mutane suka haƙa domin jirage su kauce wa gangaren Nayagara. Kafin farkon shekarun 1960 abin da ake kamawa bai kai tan 150 ba. Ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955, aka fara zuba maganin kashe 'ya'yan halittar nan a rafuka a 1958, aka rufe kamun kifin na kasuwa a tafkin Sufiriya a 1962, aka yi ta ƙyanƙyasar 'ya'yansa ana zubawa. Sai a 2024 hukumomi suka sanar cewa kifin ya farfaɗo sosai a yawancin wannan tafki. Abin da aka lalata cikin shekara 20 ya ci fiye da shekara 60 kafin ya gyaru.

A waɗannan ƙasashe mutane da yawa suna kama shi ne domin nishaɗi. Iyali su tafi ɗan gidan katako a bakin tafki ran Jumma'a da yamma, su hura wuta, su fita da fatsa da sassafe cikin sanyi, su koma gari ran Lahadi. Amma mai fatsa yana yankar lasisi, an ƙayyade masa yawan kifin da zai tafi da shi, a ruwaye da yawa kuma an hana taɓa kifin sam a makonnin da yake ƙwai. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, in ji Hausawa, kuma ba daidai ba ne a gwada mai kamun wasa da mai kamun ciyar da iyali. Duk da haka abin lura shi ne, bayan hasara mai yawa da bincike mai tsada, dokar da suka kai gare ta ita ce wadda tsofaffin bakin Oti da na Matan Fada suka riga suka sani: a bar uwa ta haihu, a bar ƙarami ya girma.

Abin da ya rage a hannunmu

Ghana ta fara gwada wannan a teku. A 2016 aka soma hana manyan jiragen kamun kifi fita na wani lokaci a shekara, a 2019 kuma aka hana masu kwalekwale na bakin teku fita har wata guda. An yi gunaguni, gama wanda yake ci daga hannu zuwa baki ba ya jin daɗin kalmar hutu. Wannan gaskiya ce da ba za a raina ba. Duk dokar da za ta hana masunci ruwa, dole ta amsa masa abin da 'ya'yansa za su ci a watan. Amma rashin doka ma yana da farashinsa, mun kuwa ga waɗanda suke biya.

Mazaunin Gushegu, ko Yendi, ko Bawku zai iya cewa tafki yana nesa da shi. Ba shi da nisa kamar yadda yake tsammani. Kuɗin da yake miƙawa a kasuwa shi yake faɗa wa mai jirgi irin kifin da zai kama. In masu saye da masu sari suka ƙi 'ya'yan karfasa da ba su kai tafin hannun yaro ba, mai ƙaramin ido zai rasa kasuwa. In baƙo ya zo neman yaro da sunan za a koya masa sana'a a bakin ruwa, iyaye da maƙwabta da shugabannin jama'a suna da ikon tambaya, su kuma ƙi. Kusa da gida kuma akwai ƙananan madatsun ruwa da aka haƙa wa ƙauyuka da yawa na arewa. Waɗannan ba su fi ƙarfin gari ba. Sarki, da tindana, da sarkin zango, da dattawa za su iya zama su yanke watannin da ba mai jefa taru, su hana zuba guba, su sa ranar buɗe ruwa bayan girbi, kowa ya shiga a sarari ya sami rabonsa.

Mutanen dā ba su fi mu kirki ba. Kogi ne ya tilasta musu haƙuri, su kuma suka mai da haƙurin al'ada. Mu da muka gāji lantarki, da magani, da kifi mai yawa, ba abin da zai tilasta mana sai tunanin waɗanda za su zo bayanmu. Allah ya ba mu hikimar sanin lokacin kamu da lokacin bari.